Gwangwanin Kan Katanga

"An sake kuskurewa, Baban Yara," na ce ina shanya wanki. "Gwangwanin nan dai sai ya ga jikokinmu."

Wata biyu ke nan da maigidana ya sayo bindigar iska, wai zai ƙarar da ɓerayen da suka addabe mu. Kullum da yamma sai ya ɗora gwangwanin madara kan katanga, ya kanne ido ɗaya, ya harba. Gwangwani ko gezau. Ɓerayen kuwa har ƙiba suka yi.

"Madubin saitin bindigar ne ya karkace," in ji shi.

"Ai kuwa. Sannu da aiki, maharbi."

Sai ga maƙwabcinmu tela, jiƙe sharkaf, yana huci. Ya ja mu gidansa, ya nuna tankin ruwansa na roba da ke bayan katangar, yana tsiyaya. Tabon harsashi ya fi talatin, duk a wurin da tafin hannu zai rufe. Yau robar ta huje.

Maigida ya daɗe yana kallo. Na zaci haƙuri zai bayar. Sai ya juyo wajena, baki har kunne.

"Kin gani ko? Duk wuri ɗaya! Hannuna daidai yake, ai na ce miki madubin ne!"