Tambaya ta Uku

Ranar da juyin juya hali ya sa Sarkin Farisa ya bar ƙasa, titunan Shiraz sun kaure da guɗa, amma tsakar gidan su Golnar tsit. Siyamak, injiniyan da fada ta tura karatu Faransa, yana tsaye a gindin lemo riƙe da jakarsa. Maƙwabta sun daina amsa sallamarsa, don suna ganinsa ɗan fada ne.

"Golnar, mota na jira. Ki aure ni mu tafi."

"Haba Agha Siyamak, ina ni ina Faransa?"

"Don Allah ki yarda."

"A'a, kada in zame maka kaya," ta ce, idonta a ƙasa. A garin nan 'yar mutunci ba ta amsawa sai an tambaye ta sau uku. Ƙunshin kayanta ma yana bayan ƙofa tun safe.

Shi kuwa zaman Turai ya mantar da shi wannan.

"Shi ke nan, ba zan takura miki ba."

Ya fita. Ta ɗebo ruwa a kwano ta watsa a bayansa, yadda ake yi wa matafiyi don ya dawo.

"Na yarda," ta ce. Lungun babu kowa.