Tashar Kwali ta Baba

Ina ɗan yaro, wata la'asar a gidanmu na unguwar Ka'akiyya a ƙasa mai tsarki, Baba ya baje kwalayen haɗa tashar jirgin ƙasa na wasa a kan tabarma. Yana shafa gam, ina riƙe bango.

"Kada ka saki, ya waladi, sai ya kama."

Da muka ɗora rufi, ya kafa reshen darbejiya a gefe. Ya ce haka tashar Ƙaura take, inda mahaifiyarsa ta hau jirgi za ta Hajji, ba ta sake komawa ba.

"Baba, ka taɓa zuwa Ƙaura?"

"A'a. In ka girma, tare za mu."

Na girma, Allah ya yi wa Baba rasuwa. Har yau na kasa tafiya ni kaɗai.