Mai Lambun da Ya Saba Jiran Ɓarna

Ka tambaye ni yadda masifa ɗaya kan sami mutum biyu, wannan ya karkaɗe rigarsa ya wuce, wancan ya kwanta ya kasa tashi. To, ji labarin wani mai lambu a bakin fadama. A hannun baffansa ya tashi, mutum mai kaifin harshe. In tulu ya fashe, sai baffan ya ce, "Ai dama kai ne." In akuya ta tsinke, ya ce, "Me ka taɓa riƙewa ya yi albarka?" Baffan ya rasu, amma maganarsa ta tare a zuciyar yaron, har ya daina gane cewa ba tasa ba ce. Ya girma ya zama gwanin lambu, tumatirinsa ja wur, albasarsa kamar dunƙulen hannu, sai dai bai taɓa jin daɗin abinsa ba. Shuka ta yi kyau, ya ce ƙwari na tafe. Kasuwa ta yi daɗi, ya ce dace ne kawai. Maƙwabci ya wuce bai gaishe shi ba, ya wuni yana laluben laifin da ya yi masa. 'Yan fadama har suna suka sa masa, Malam Za-ta-ɓaci, kowa na ɗauka abin dariya ne. Ana nan wata shekara tsutsa ta afka wa tumatirin fadamar gaba ɗaya, injin ban-ruwansa ya mutu, matarsa kuma ta kwanta jinya. Maƙwabta suka jajanta wa juna, suka tuge abin da ya lalace, suka zuba alayyahu. Shi kuwa ya ce a ransa ba tsutsa ba ce, shi ne. Ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Tuwo ya daina yi masa ɗanɗano, barci ya ƙaurace masa, ko wasan 'ya'yansa a tsakar gida bai ƙara sa shi murmushi ba.

Allah ya sa yana da taubashi, ɗan gwaggonsa, wani mai sayar da rake wanda bakinsa ba ya hutawa. Shi ya goya shi a babur ya kai shi asibiti. Likita ya saurare shi da kyau, ya ce wannan ciwon damuwa ne, ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba, kuma ana warkewa. Ya ba shi magani, ya sa masa ranakun dawowa su zanta. Taubashin kuma ya ɗauki nasa aikin. Kullum da hantsi yana ƙofar gida da guntun rake, ya ja shi zuwa lambu ko da kwamin shuka ɗaya za su gyara. Ran nan mai lambu ya sake cewa shi ya jawo asarar. Taubashin ya cire hula ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Tsutsa. Ashe kai ka tura ta har lambun liman, ba mu da labari." Mai lambu ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Daga nan duk sa'ad da ya ce za ta ɓaci, sai taubashin ya tambaye shi, "Wa ya gaya maka?" A hankali ya koyi yi wa kansa tambayar, ya tarar sau da yawa babu wanda ya gaya masa. Matarsa ta warke, aka gyara injin, shi ma ya zuba alayyahu, ya yi kore shar. Halin bai tafi duka ba, yakan leƙo jefi-jefi, amma yanzu in ya leƙo mai lambu kan gane shi tun daga nesa, ya ci gaba da ban-ruwansa.

Ka ga ke nan tsutsa ba ita kaɗai ta kayar da shi ba, rami ta tarar wanda aka daɗe ana haƙawa da 'yan maganganu. Fitowarsa ma da kaɗan-kaɗan aka yi ta. Gaskiyar Hausawa da suka ce, yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.