Sharar Ƙofar Maƙwabta

Tun da aka kafa dokar fili a Kano, kowane kabarin baƙo ɗan ƙasar waje yana da fitila a kansa. Idan ana share shi, fitilar koriya ce. Idan aka shekara ba wanda ya zo, sai ta koma ja, washegari magina su karɓi wurin.

Kakan Meilan ne ya fara buɗe shagon atamfa a Layin 'Yan Sin. Yanzu duk danginta sun koma ƙasar kakanni, ita kaɗai ke zuwa sharar kaburburan 'yan Sin, ga shi ciwon gwiwa ya kwantar da ita.

"Yaya Dije, yau fitilu uku za su koma ja," ta ce wa maƙwabciyarta. "Tsoho Wen, da matarsa, da mai gyaran keken ɗinki."

"Tsoho Wen da ya haƙa mana rijiyar layi?"

"Shi fa."

Dije ta gyara mayafi, ta ɗauki tsintsiya.

"Ke da ko rasuwar mijinki ba ki taka maƙabarta ba? Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da za su ce. Tun muna yara muke shan ruwan mutumin nan. Ƙofar maƙwabta zan share."

A bakin maƙabartar ta tarar da motar magina har ta iso, direban ya jingina da ita yana cin gyaɗa. Dije ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta ce ya ɗan matsa kada ƙura ta same shi.