Kallon Maigida

Jirgin alhazai bai daɗe da barin Lome ba ya yi wata muguwar girgiza, takunkuman shaƙar iska suka zubo daga sama. Wuri ya kaure da salati. Wata mata kuwa ta fizgo nata ta ɗaura, sannan ta ɗaura wa tsohuwar da ke gefenta.

Da abin ya lafa, tsohuwar ta riƙo hannunta. "'Yar nan, kin saba hawa ne?"

"Yau na fara, Inna."

Marigayi mijinta, mai babur ɗin haya na zemijan a unguwar Zongo, bai taɓa taka jirgi ba. Amma kullum fim ɗin jirgin da ke shirin faɗuwa yake kunna musu, tana mita, yana cewa, "Kalla dai, naki za ki fara sawa."

Ta share hawaye. "Allah ya jiƙan ka, Maigida. Ashe karatu kake biya mini."