Ramuwar Magani

Ladan na kiran magariba ta ga mijinta ya zazzage ƙwayoyi shida a tafin hannu. Tun safe yake jigilar albasa zuwa Kwanni a babur, da azumi, kansa na sarawa.

Ta cafke hannun. "Mi ke nan, maigida?"

"Na safe, na rana, na yamma. Ramuwa zan yi."

"Magani ba salla ba ne! Haka yayana ya rama bara, hantarsa ta kai shi kushewa." Ta kwashe huɗu, ta miƙa masa ruwan randa da kunu. "Fara da wannan."

Ya shanye, ya tafi asham yana raha.

Washegari da ta zo wanke rigarsa, ta taras da ƙwayoyi biyun da ta bar masa a aljihu.