Na Ci Nawa a Kicin

"Mabiyiyar ba ta girma yadda ya kamata ba," in ji likita, yana duban hoton cikin 'yata. "Ita ke ciyar da jaririn, tun watannin farko kuma take ginuwa. Me kike ci?"

'Yata ta sunkuyar da kai.

"Tana ci sosai," na amsa. "Tun da ta fara jinyata, kullum sai ta kawo mini ƙwai da hanta, ta ce, 'Cinye, Baba, na ci nawa a kicin.'"

Mijinta ya juyo a hankali. "Baba, ai na mutum ɗaya nake iya sayowa. Nata."

Na dubi hannunta, kamar sillen kara. Sannan na dubi rigata, wadda maɓallanta ke neman tsinkewa.